Ma'ajiyar Tufafi ta Jikin Bango: Daga Alkuki Zuwa Wadirob

1.0 Gabatarwa

Muhalli na ɗaya daga cikin fitattun ɓangarorin al'adun kowace al'umma, domin a cikinsa ne ake ganin dabarun da mutane suka ƙirƙiro don biyan buƙatunsu na yau da kullum. Daga cikin waɗannan buƙatu akwai adana tufafi da sauran kayan amfani. A wannan darasi za a yi bayani a kan ma'ajiyar tufafi wadda ake ginawa a jikin bangon ɗaki, wato abin da ake kira wadirob na gini ko kabad na bango. Za a waiwayi hanyoyin ajiya na gargajiya, sannan a fayyace matakan samar da irin wannan ma'ajiya, da matsalolin da ke biyo bayan yin ta ba bisa ƙa'ida ba. Manufa ita ce ɗalibi ya gane cewa wannan aiki ne na gini kafin ya zama na kafinta, don haka kuskuren da aka yi a cikinsa yana da wuyar gyarawa.

2.0 Hanyoyin Ajiya na Gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da dabarunsa na adana kaya, waɗanda za a iya kasa su gida biyu. Kashi na farko shi ne na ma'ajiyar da ake iya ɗauka. A nan ne ake samun adudu, wanda babban kwando ne mai murfi da ake zuba tufafi a ciki, da lefe, wanda ake saƙawa da kaba, kuma daga sunansa ne aka sami kalmar "kayan lefe". Akwai kuma ragaya, wadda ake ratayewa daga rufin ɗaki a ɗora ƙwarya a kai don tsare abinci daga ɓera da kiyashi. Daga baya akwatin katako da na ƙarfe da kwalla suka shigo.

Kashi na biyu shi ne na ma'ajiyar da ke haɗe da ginin kansa. Misalinta shi ne alkuki, wato ɗan gurbin da magini kan bari a jikin bango don ajiye fitila ko wasu ƙananan kaya. Akwai kuma taska, wadda ƙaramin ɗaki ne da ake keɓewa don adana dukiya. Abin da ya sa alkuki ya yiwu shi ne kaurin bangon ƙasa. Bangon da aka tayar da tubali yakan yi kauri sosai daga tushe, ya riƙa sirancewa yayin da yake yin sama, don haka ana iya barin gurbi a cikinsa ba tare da an raunana shi ba. Ke nan, tunanin ajiye kaya a cikin bango daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa.

3.0 Sauyin Zamani

Ginin siminti ya yaɗu a birane bayan samun 'yancin kai, musamman da masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979. Bulon da aka fi amfani da shi iri biyu ne, mai inci 6 da mai inci 9. Ko da mafi kaurinsu bai wuce kimanin santimita 23 ba, alhali ma'ajiyar da za a rataye riga a cikinta tana buƙatar zurfin santimita 60, wato kusan ƙafa 2. Wannan ya nuna cewa ba zai yiwu a fafe bangon bulo a sami wadirob ba. Sai dai a bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku:

i. A bar gurbinsa tun a zanen gida, kafin a aza harsashi. Wannan ita ce hanya mafi inganci, kuma ita ce ta dace da karin maganar nan mai cewa tun ran gini, tun ran zane.

ii. A gina gajerun bangaye ɗaya ko biyu da bulo mai inci 6 a wata kusurwa ta ɗakin da aka riga aka gama, sannan kafinta ya sa ƙyamare da kantoci.

iii. A yi shi gaba ɗaya da katako, daga daɓe zuwa silin, a kafe shi a jikin bango.

4.0 Matakan Aiki

4.1 Zaɓen Wuri

Mataki na farko shi ne zaɓen bangon da ya dace. A guji bangon da ɗaki ya haɗa da makewayi, domin danshi kan ratsa bulo ya kai ga tufafi. Haka kuma, a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar hadari ya fi tasowa daga gabas, shi ya sa bangon gabas na waje ya fi shan dukan ruwa. Idan akwai zaɓi, bangon cikin gida ya fi aminci. Wajibi ne kuma a san inda wayar lantarki da bututun ruwa suka bi kafin a buga ƙusa ko a huda bango. Kada a toshe taga, kada kuma a fasa bangon da ke ɗauke da nauyin rufi sai da shawarar ƙwararren magini ko injiniya, wanda zai sa linta a saman wurin da aka buɗe.

4.2 Awo

A ɗauki misalin ɗaki mai ƙafa 12 a kowane ɓangare. Idan wadirob ya ci ƙafa 2, saura ƙafa 10. Idan aka sa gado mai ƙafa 6 a gabansa, abin da ya rage tsakaninsu ƙafa 4 ne, wanda ya isa a buɗe ƙyaure mutum ya tsaya. Idan tazarar ta gaza ƙafa 3, ƙyaure mai zamewa gefe ya fi dacewa. Ana auna faɗin wurin a sama da tsakiya da ƙasa, a yi aiki da mafi ƙanƙantar awon, saboda ba kasafai bango ke miƙewa sak ba.

Tsarin ciki kuwa ya danganta da irin tufafin mai ɗaki. Kwat da taguwa rataye su ake yi, kuma tsawon santimita 100 ya ishe su. Doguwar riga da jallabiya da abaya suna buƙatar santimita 150 zuwa 170. Amma babbar riga da atamfa da leshi da shadda ninke su ake yi, don haka ma'ajiyar Bahaushe ta fi buƙatar kantoci da yawa, masu tazarar santimita 30 zuwa 35 a tsakaninsu. Ana kuma ware wurin huluna da na takalma, a bar can sama don akwatuna da barguna. Wanda ya kwaikwayi tsarin da ya gani a hoto ba tare da duba kayansa ba, zai tarar rabin wurin ya tafi a banza.

4.3 Kayan Aiki

Falankin da ake sayarwa a kasuwa yakan zo da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, saboda haka kafinta mai lura yakan tsara awonsa yadda ba za a yi asarar guntaye ba. Akwai falanki mai hawa-hawa da aka manne siraran katako, akwai kuma wanda aka matsa daga garin katako. Na biyun ya fi santsi da kyan gani, amma da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura, ba ya kuma komawa daidai. Katakon da za a yi firam da shi dole ne ya bushe sarai. Ɗanyen katako yakan kantare idan hunturu ya shigo, sai ƙyaure ya ƙi rufuwa. A nan ne ake tuna cewa araha ba ta ado.

4.4 Gini da Haɗawa

Ana fara ɗaga ƙasan ma'ajiyar da kamar santimita 10 sama da daɓen ɗaki, don kada ruwan goge-goge ya shiga. Bayan an yi gini da filasta, sai a riƙa ba shi ruwa na kimanin mako guda, sannan a bar shi ya bushe sosai kafin a yi fenti ko a kafa katako. Gaggawa a wannan mataki ita ce ke kulle danshi a bayan falanki. Ana shafa wa katako maganin gara ta kowace fuska, musamman inda zai taɓa bango ko ƙasa. Daga ƙarshe a bar 'yan kafofi a sama da ƙasan ƙyaure domin iska ta riƙa zagayawa.

5.0 Matsaloli da Rigakafinsu

Manyan abokan gabar wannan ma'ajiya su ne danshi da gara da asu da kyankyaso. Danshi ne ke haifar da funfuna da warin da ke kama tufafi da damina. Gara kuwa ta ƙarƙashin ƙasa take biyowa, ta shiga ta tsagar daɓe, ta cinye katako daga ciki alhali fuskarsa tana nan lafiya. Tun da ba a iya janye ma'ajiyar a leƙa bayanta, ɓarna takan yi nisa kafin a farga, kuma sau da yawa tufafi mafiya tsada, waɗanda ba a cika taɓawa ba, su ne ke fara lalacewa. Maganin wannan shi ne a riƙa fitar da kaya ana shanyawa lokaci-lokaci, a duba kusurwoyi ko akwai hanyar gara, kada kuma a taɓa sa rigar da ba ta gama bushewa ba. Idan an sa kafur, a ajiye shi inda hannun yara ba zai kai ba, domin guba ne idan aka haɗiya.

Akwai kuma matsalar mallaka. A al'adar Hausawa, iyayen amarya ne ke yi mata kayan ɗaki, kuma kayan nata ne, duk inda za ta koma da su za ta tafi. Ma'ajiyar gini kuwa ta zama ɓangaren gida, ba ta ɗaukuwa. Don haka ya kamata a fayyace tun farko wanda zai biya kuɗin yin ta. Haka nan ɗan haya bai kamata ya fara irin wannan aiki ba sai da rubutacciyar yarjejeniya da mai gida, wadda za ta nuna ko za a cire kuɗin daga haya.

6.0 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Wannan batu fage ne mai kyau na koyar da aron kalmomi. Akwati daga Yarabanci aka aro ta, sanduƙi daga Larabci, kabad da wadirob da durowa da kafinta da bulo kuwa daga Ingilishi. Ɗalibai za su lura da yadda Hausa ke saƙa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe a farkon kalma, kamar a durowa da bulo, da yadda take mayar da sautin "p" zuwa "f", kamar a kafinta da fenti. Malami na iya kuma tura ɗalibai wajen tsofaffi da magina su tattaro sunaye irin su alkuki da adudu da ragaya, waɗanda yaran birni da yawa ba su taɓa ganin abin da suke nufi ba.

7.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa ma'ajiyar jikin bango ci gaba ce ta wata tsohuwar dabara ta maginan Hausa, sai dai sauyin kayan gini ya zo da sababbin ƙa'idoji. An nuna cewa ingancinta ya rataya a kan zaɓen busasshen bango, da awon da ya dace da tufafin mai ɗaki, da katakon da aka tsare daga gara, da kuma sanin mai ita tun kafin a fara aiki.

8.0 Auna Fahimta

1. Kawo hanyoyin ajiya na gargajiya guda huɗu tare da bayanin kowace.
2. Me ya sa ba a iya fafe bangon bulo a yi wadirob?
3. Ɗaki mai faɗin ƙafa 10 yana da gado mai ƙafa 6. Wane irin ƙyaure ya dace da ma'ajiyarsa? Kafa hujja.
4. Tattaro kalmomin aro guda goma da suka shafi gini da kafinta, ka nuna sauyin da aka yi wa kowace.