Ƙidayar Tsuntsaye Masu Farauta a Ƙarshen Kaka

A jihar Pennsylvania, can gabashin Amurka, akwai wani dogon tsauni da ake kira Kittatinny, wanda ya miƙe daga arewa maso gabas ya yi kudu maso yamma. Kowace shekara, in sanyi ya gabato, shaho da gaggafa da danginsu sukan baro Kanada da jihohin arewa, su bi gefen tsaunin nan su yi kudu. A kan wata ƙoƙuwa tasa, wadda ake ce wa Hawk Mountain, watau Dutsen Shaho, ake zama ana ƙidaya su, tun daga 15 ga Agusta har 15 ga Disamba.

Da can wurin nan mahauta ce. A 1929 hukumar jihar ta sa ladan dala 5 a kan wani irin shaho, maharba kuwa ba su tsaya bambance iri ba, duk abin da ya gifta sai harbi. A 1934 wata mata, Rosalie Edge, ta yi hayar eka 1,400 na dutsen, ta sa Maurice Broun gadi. Shi ne ya soma rubuta abin da ke wucewa kullum, ba a kuwa fasa ba sai shekarun yaƙi, 1943 zuwa 1945.

Abin da ya raba ƙarshen kaka da farkonta shi ne iska. A Satumba rana tana da sauran ƙarfi, ƙasa takan ɗau zafi, iska mai ɗumi ta riƙa tashi, tsuntsaye su hau ta suna kewayawa kamar ungulu da tsakar rana, har su kusa ɓace wa ido. Amma a Nuwamba wannan ya yi rauni. Sai su dogara ga iskar arewa maso yamma, wadda in ta bugi jikin tsauni ba ta da mafita sai sama. Tsuntsu ya shimfiɗa fikafikansa a kanta, ya yi tafiya mai nisa bai kaɗa su ba. Saboda haka a lokacin sukan wuce ƙasa-ƙasa, dab da masu ƙidaya. Yawansu ya ragu, amma manyan ne ke tafe, irin su shaho mai jan wutsiya da gaggafa mai ruwan zinariya a ƙeya.

Mai ƙidaya yakan zauna da tabarau mai hangen nesa, kowace sa'a ya rubuta irin tsuntsu da adadinsa, da inda iska ta fito, da halin gajimare, kadan ya iya kuma ya raba babba da ɗan bana. A nan ne ake yawan kuskuren fahimta. Adadin nan ba jimlar tsuntsayen ƙasa ba ne, gama ranar da iska ta juya sai su bi wata hanya, littafi ya kwana kusan fari. Lissafin shekara guda ba shi da wata hujja. Amfaninsa sai an jera shekaru masu yawa, a wuri ɗaya, bisa ƙa'ida ɗaya.

Da haka aka lura 'ya'yan gaggafa mai farin kai suna raguwa cikin masu wucewa bayan yaƙi. Rachel Carson ta kafa hujja da wannan a littafinta Silent Spring na 1962. Daga baya aka tabbatar maganin ƙwari DDT ne ke sa ɓawon ƙwai ya yi laushi, ya fashe a ƙarƙashin uwa. Amurka ta hana shi a 1972, gaggafar kuwa ta farfaɗo sannu a hankali.

Tsuntsaye masu farauta na Amurka ba su zuwa Afirka, amma na Turai suna ƙetarowa ta Jibraltar da Bosforus, waɗansu su ci rani a Nijar da Cadi da arewacin Nijeriya. Filin Sahel ba shi da tsaunin da zai tattara su, don haka a kan hanyar mota ake ƙidaya. Haka Jean-Marc Thiollay ya yi a Mali da Burkina Faso da Nijar daga 1969 zuwa 1973. Da ya sake bin hanyoyin nan bayan shekara talatin, ya tarar manyan ungulaye na gida sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji.