Hoton Mashaya Na Velazquez

Wata rana kana koyarwa a Shadawanka, yaro zai buɗe littafin zanen Turawa, ya ga mutane suna shan giya, ya ce, "Malam, wannan yabon shaye-shaye ne?" To, me za ka ce masa?

Mu ɗauki hoton da Velazquez, mutumin Sifen, ya gama cikin 1629 saboda Sarki Filibus na huɗu. Yana gidan Prado a Madrid. Saurayin nan farin jiki da ke tsakiya, mai ganyen inabi a ka, shi ne Bakus, wanda Romawan dā su ka ɗauka ubangijin giya. Da ganyen nan a ke gane shi, kamar yadda mu ke gane ɗan sarauta da rawani mai kunne biyu.

Amma dubi waɗanda ke gefensa. Talakawa ne, rana ta ƙone fuskokinsu. Ɗaya ya durƙusa ana ɗora masa ganye, wai naɗi. Wani ya riƙe kwano cike, yana ta washe baki. Bakus kuwa ko dubansu ba ya yi. Nan masana su ka rabu. Waɗansu sun ce nufin, giya na sauke wa talaka wahalar yini. Waɗansu kuwa sun ce ba'a mai zanen ke yi wa tatsuniyar. Ni na fi karkata ga na biyu, gama mai ba da labarin haɗamar Gizo ba haɗama ya ke koyarwa ba.

Ka sa yara su nuna wa ke dariya, wa ke duban wa, kafin ka faɗi naka.