Harajin Kuɗin Shiga: Kada 31 ga Maris Ta Wuce Mu

'Yan'uwa manoma na Birnin Kebbi da Argungu, watan Maris lokaci ne da hankalin kowa yake fadama wajen shinkafar rani. A cikin wannan wata kuwa akwai ranar da doka ta sa wa kowane mai samun kuɗi, watau 31 ga Maris.

Ran 26 ga Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Wannan haraji ba kamar kuɗin ƙasa na zamanin dā ba ne, wanda ake yanka wa kowane baligi. Ana lissafta shi bisa ga ribar da mutum ya samu a shekara. Mu mazaunan Jihar Kebbi, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha muke kai wa bayaninmu.

Kowace shekara, kafin 31 ga Maris ta wuce, sai mutum ya cika takarda ya bayyana abin da ya samu a shekarar da ta gabata. Abin da aka samu a 2026, bayaninsa ya isa kafin ƙarshen Maris 2027. Ƙungiyar da take da ma'aikata masu albashi kuwa, nata wa'adin 31 ga Janairu ne.

Naira 800,000 ta farko a shekara ba haraji a kanta. Abin da ya hau, har jimla ta kai naira miliyan 3, ana ɗaukar kashi 15 bisa ɗari.

Ga misali. Manomi ya sayar da shinkafa ta naira 2,000,000. Taki, iri, man injin ban ruwa da kuɗin ƙwadago sun ci naira 900,000. Ribarsa naira 1,100,000 ke nan. A cire 800,000, saura 300,000, harajinsa naira 45,000. Amma in bai kai takarda kan lokaci ba, tarar watan farko naira 100,000 ce, sa'an nan 50,000 kowane wata da ya biyo. Jinkirin wata uku naira 200,000 ke nan, ya fi ninki huɗu na harajin. Lalle a lura, ko ribar mutum ba ta kai 800,000 ba, doka tana so ya kai takardarsa.

To, ƙaƙa za mu tsira daga tara? Da fari kowa ya sami littafi, ya riƙa rubuta abin da ya kashe tun ranar shuka, ya kuma adana rasit na taki da na mai. Wanda ba shi da shaidar abin da ya kashe, zai yi wuya ma'aikacin haraji ya yarda a cire masa. Kowa kuma ya tabbata yana da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, gama ita ce lambar harajin mutum. Sa'an nan magatakardan ƙungiya ya sa rana a watan Fabrairu, a zauna tare a taimaki waɗanda ba su iya rubutu ba. Wanda ya kai takardarsa, ya karɓi shaidar an karɓa, ya ajiye ta wurin da gara ba za ta ci ba.