Tsohuwar waƙa ko sabuwa: gardamar masu sauraron gitar daga Ƙonni zuwa Illela

Duk wanda ya san zaman fada a Birnin Ƙonni, ko a Malbaza, ko a Illela, ya san samari ba su rasa abin gardama. In ba kokowa ba, to ƙwallo. In ba ƙwallo ba, to kiɗa. Daga cikin gardamar kiɗa kuwa akwai wata wadda ba ta tsufa. Idan ƙungiyar makaɗa ta fita rangadi gari gari, wace waƙa ya kamata ta yi wa jama'a, tsohuwa wadda kowa ya haddace, ko sabuwa wadda kunne bai saba da ita ba? Kuma daidai ne waƙoƙin da aka jera daren jiya a wani gari a sake jera su yau a wani garin, ba ragi ba ƙari?

Maganar ta shafi kowace ƙungiya mai kiɗan zamani, amma misalin da ya fi kusa da mutanen wannan yanki shi ne na Mdou Moctar, wato Mahamadu Sulaiman, ɗan arewacin jahar Tawa, daga yankin Abalak da Cintabaradan. Da harshen Tamashek yake waƙa, da hannun hagu yake kaɗa gitar, kuma a ƙasashen Turai da Amurka ana lissafa ƙungiyarsa cikin masu kiɗan rok, wato kiɗan gitar lantarki da ganguna mai ƙarfin amo. Gitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayoyin birkin keke. Faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka ɗauke shi a shekarar 2008, nisan kusan kilomita 100 daga Ƙonni, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Waƙoƙin nan ba kanti ne ya yaɗa su ba. Daga salula zuwa salula suka yi ta tafiya, har ɗaya daga cikinsu, Tahoultine, ta shiga wani faifan tarin waƙoƙin Sahara da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Daga nan ƙofar duniya ta buɗe masa.

Bayan Anar sai Afelan a 2013, sai waƙoƙin wani fim da aka ɗauka a Agadas wanda ya fito a 2015, sai Sousoume Tamachek a 2017, Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a watan Mayu na 2024. Faifai bakwai ke nan. Ko an ƙaddara waƙa takwas takwas a kowane ɗaya, an haura hamsin.

To, a nan lissafi yake shigowa. A ƙasashen waje wasa ba ya kwana. Ana hayar zaure, a sayar da tikiti, a yanka wa makaɗa lokacin hawa da na sauka, galibi awa ɗaya da rabi, wani lokaci ma a manyan bukukuwan kiɗa ƙasa da awa guda. Waƙar gitar irin ta Mdou Moctar kuwa doguwa ce, domin bayan an gama baitoci sai gitar ta karɓi magana ita kaɗai. Idan kowace waƙa ta ci minti 8, to a minti 90 waƙa goma sha ɗaya kawai za a samu. Wato cikin kowace biyar, huɗu za su kwana a aljihu. Saboda haka ne yawancin ƙungiyoyi masu rangadi suke rubuta jerin waƙoƙin dare a takarda, su manna ta a ƙasa kusa da ƙafar kowane makaɗi, don mai ganga ya san abin da ke biye, mai kula da fitilu da mai kula da amo su ma su shirya. Kan wannan ƴar takarda ake ta da jijiyar wuya.

Masu son tsohuwar waƙa hujjarsu a bayyane take, kuma ba abin rainawa ba ce. Mutum ya tara kuɗinsa, ya bar aikinsa, wataƙila sau ɗaya a rayuwarsa zai ga makaɗin nan ido da ido. Abin da ya kawo shi ita ce waƙar da ya daɗe yana saurare a kan hanya ko a wurin aiki, wadda ke tuna masa wani lokaci ko wani mutum. Idan aka tashi ba a yi ta ba, a ganinsa an karɓi kuɗinsa an ba shi abin da bai saya ba. Direban da ke jigila tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, ko ma'aikacin masana'antar siminti ta Malbaza, idan ya ce haka, gaskiyarsa ya faɗa.

Masu son sabuwa su ma da tasu. Sun ce makaɗin da ya shekara goma yana maimaita abu ɗaya ya zama kaset mai ƙafafu, kuma wanda ke son jin waƙar yadda take a faifai, ai faifan yana aljihunsa. Sun ƙara da cewa waƙa ba ta nuna sai ta sha taro. A gaban jama'a makaɗi ke gane inda ta yi nauyi da inda ta yi sanyi, ya rage nan ya ƙara can. Idan an hana shi gwada ta, to ina za a samu tsohuwar gobe? Akwai kuma rukuni na uku, ƴan ƙalilan amma masu yawan magana, waɗanda ke bin labarin rangadi dare bayan dare, suna kwatanta jerin jiya da na yau. Su damuwarsu ita ce maimaici. Sun manta cewa mutumin garin da aka sauka yau bai halarci wasan jiya ba, abin da ya gundure su shi a wurinsa sabo ne fil.

Abin lura shi ne, a kiɗan gargajiya na ƙasar Hausa wannan gardama ba ta da wurin zama sosai, saboda yadda ake gina waƙar kanta. Waƙar baka tana da gindi, wato amshin da ƴan amshi ke maimaitawa, tana kuma da ɗiya, wato baitocin da jagora ke saƙawa a kai. Gindi yana nan daram, ɗiya kuwa suna sauyawa gwargwadon wuri da mutanen da ke zaune. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi Bakandamiyarsa sau da yawa, kuma masu tara kaset sun san ba a cika samun biyu da suka yi daidai baiti da baiti ba. Haka Ɗan Anace yake yi da waƙar Shago a fagen dambe, haka makaɗan kokowa ke yi a filayen Nijar tun kafin a fara gasar takobi a Tawa a 1975. Mai sauraro yana jin gindin da ya sani, hankalinsa ya kwanta, sa'an nan ya kasa kunne ya ji wane sabon ɗa za a haifa masa yau. Tsohuwa da sabuwa a cikin waƙa ɗaya suke tafe.

Sa'an nan a wurin buki ba makaɗi kaɗai ke da iko da jeri ba. Mai buki yana da nasa, dangin amarya suna da nasu, kuma duk wanda ya miƙe ya liƙa jaka ɗaya ko biyu, sanƙira ya ɗaga murya ya ambaci sunansa, to ya sayi waƙar da yake so. Dare kuma dogo ne, kowa zai samu rabonsa kafin a watse. Ƙungiyoyin gitar na Nijar a cikin wannan al'ada suka tashi. Mdou Moctar kansa a wuraren buki ya goge kafin ya hau dandalin Turai. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Almeida ya kafa a shekarar 2000, a lokacin da faifanta Kaani ya fita duniya a 2013 an san ta da yin wasa dare biyar a mako, kowane dare kimanin awa biyar. Mai awa biyar ba ya bukatar ya zaɓa tsakanin tsohuwa da sabuwa, lokaci ya ishe shi duka biyu.

Abin da ya sauya al'amari shi ne ɗaukar murya. Tun da faifan garmaho ya shigo, sa'an nan rediyo, Muryar Sahel da Rima ta Sakkwato da ta Kaduna waɗanda duk ake kamawa a wannan yanki na bakin iyaka, sa'an nan kaset, sa'an nan salula, sai waƙa ta samu siffa guda wadda ba ta motsi. Mutum ya ji ta sau ɗari a hanya ɗaya, har ya san inda mai ganga zai tsaya da inda gitar za ta yi kuka. Ranar da makaɗi ya sauya wani abu a cikinta, sai a ce ya ɓata ta, alhali kuwa a zamanin kakanni sauyawar nan ita ce gwaninta. Mai neman tsohuwar waƙa yau, sau da yawa faifan da ke kansa yake nema a kaɗa masa da hannu.

Makaɗan duniya kowa da yadda ya fuskanci matsalar. Fela Kuti na Legas, wanda ya rasu a 1997, ya ɗauki hanya mafi tsanani: da zarar ya sa waƙa a faifai, to ya sallame ta, ba ya ƙara yin ta a gaban jama'a, kome roƙon da za a yi masa. A wurin wasansa sabuwa kawai ake ji, ana gwada ta watanni kafin a ɗauke ta. Ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka, daga 1965 zuwa 1995, ta yi suna da sauya jeri kowane dare, har masoyanta suka riƙa bin ta gari gari suna ɗaukar kowane wasa a kaset. Ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila kuwa ta bi ɗaya hanyar, da wuya ta sauka daga dandali ba ta yi waƙarta Satisfaction ta 1965 ba. Dukansu uku sun cika zaure. Amma Fela yana da wurin wasa nasa na kansa da jama'ar da ke dawowa kowane mako, abin da makaɗin da ya tsallaka teku don neman sababbin masu sauraro ba shi da shi.

Ga makaɗi ɗan Nijar, maganar ta wuce ta nishaɗi. Da farko akwai abinci. Sayar da faifai ba ya riƙe mutum a wannan zamani, rangadi ne ke biyan kuɗin jirgi da masauki, ya bar abin kawowa gida. Kamfanin da ya fitar da sabon faifai yana son a tallata shi a dandali, mai zaure kuma yana son waƙar da za ta sa a sayi tikiti. Makaɗi yana tsakiya.

Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, akwai saƙo. Tsofaffin waƙoƙin Mdou Moctar da yawansu na soyayya ne da begen gida. Na baya bayan nan kuwa sun ɗauki wata magana. Afrique Victime tana magana ne a kan zaluncin da aka yi wa nahiyar Afirka. A cikin Funeral for Justice akwai Imouhar, wadda ke kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta, akwai kuma wadda aka yi kai tsaye a kan Faransa da abin da mulkin mallaka ya bari. Ma'aikacin yaƙi da jahilci, wanda ya san wahalar da aka sha kafin a fara rubuta Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci da Barbarci a azuzuwan manya, zai gane muhimmancin irin wannan kira. Idan masu sauraro suka dage sai tsohuwa kaɗai, to sun rufe wa makaɗi baki a kan abin da ke damunsa yau, ko da ba su nufi haka ba. A nan hujjar masu son sabuwa ta fi ƙarfi, muddin makaɗi bai mayar da wasa lacca ba, ya kuma tuna da mutumin da ya zo don waƙa ɗaya tak.

Ƙungiyar ta kuma nuna cewa dabarar gindi da ɗiya ba ta mutu ba. Sousoume Tamachek, wadda a 2017 aka yi ta a hankali da kayan kiɗa kaɗan, ta sake fitowa a faifan 2024 da gitar lantarki da ganguna masu sauri, har wanda ya san ta farko sai ya natsu kafin ya gane ta. Abin ya ƙara fitowa fili ta wata hanyar da ba a shirya ba. A ranar 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka yi canjin mulki a Yamai aka rufe iyakoki, Mdou Moctar da abokan kiɗansa, Ahmudu Madassane mai gitar ta biyu da Sulaiman Ibrahim mai ganguna, suna rangadi a Amurka tare da Mikey Coltun, Ba'amurken da ke kaɗa musu gitar mai kaurin amo. Hanyar komawa gida ta toshe na wani lokaci. A zaman jiran nan suka shiga ɗakin ɗaukar murya a birnin Niyok, suka sake kaɗa kusan dukan waƙoƙin Funeral for Justice da gitar katako, a hankali, irin yadda ake yi a zaune a kan tabarma. Wannan faifai, mai suna Tears of Injustice, ya fito a watan Fabrairu na 2025.

Da fitowarsa masu gardama suka samu sabon aiki. Baitocin dai an san su tun 2024, amma kiɗan ba a taɓa jin sa haka ba, saboda haka mai son tsohuwa yana iya cewa tasa aka yi, mai son sabuwa shi ma ya ce tasa ce. Takardar jerin waƙoƙi kuwa ta ƙara nauyi, domin yanzu ban da zaɓen waƙa goma sha ɗaya cikin hamsin da wani abu, akwai waƙoƙin da sai an tsai da shawara da wace gitar za a yi su, ta lantarki ko ta katako.