Kafin ka rubuta "hook up" a guruf ɗin ajinku, tsaya tukuna

In kana cikin guruf ɗin WhatsApp na 'yan makaranta, ba ka rasa ganin wani ya rubuta "let's hook up after lectures", wai shi a haɗu bayan lakca yake nufi. Niyyar lafiya lau, kalmar ce matsala. A bakin matasan Amurka, "hook up" yakan nufi kwanciya ba tare da soyayya ba, a nan Najeriya kuwa "hookup" ya zama sunan harkar banza da ake ƙullawa ta waya. Tura wa 'yar ajinku haka, ka ga irin kallon da za ta yi maka gobe. Abin da kake nema shi ne "meet up" ko "get together".

Irin waɗannan su ake kira phrasal verbs: aikatau ne a liƙa masa 'yar ƙaramar kalma kamar up, in ko on, sai ma'ana ta juya. Masu shirya tambayoyin WAEC da JAMB suna son su sosai, don sun san nan ɗalibi ke santsi.

Ɗauki "round up". Sau nawa ka ji mai gabatar da taro ya ce "let me round up" yana son rufe jawabi? A daidaitaccen Turanci ma'anarsa tattarawa ce, yadda makiyayi ke tattaro shanunsa, ko 'yan sanda su kwashe waɗanda ake zargi. Rufe magana "round off" ne ko "wrap up". Kuma in za ka sa wakilin suna, tsakiya yake shiga: "round them up".

"Team up with" haɗa gwiwa ne don aiki, kamar ku biyu ku haɗu kan aikin da malami ya bayar. "Gang up on" kuwa taron dangi ne, irin wanda ake yi wa mutum a X in ya faɗi abin da bai yi wa jama'a daɗi ba. Gaskiya ni na fi son "chip in", karo-karo kenan, kowa ya sa ɗan abin da ya samu a sayi kek ɗin abokinku.

Guruf kuma "join" kawai ake yi masa. "Join in" sai ana cikin wasa ko hira ka faɗo ciki.