Tsakanin Titi da Ƙofar Asibiti

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya, ko wadda ta tashi daga Kaduna ta nufi Abuja, ya san abin da kan biyo bayan haɗarin mota: jama'a su taru cikin tausayi da kyakkyawar niyya, waɗansu su fizgo wanda ya maƙale a cikin ƙarfe, waɗansu su ɗura masa ruwa a baki, sa'an nan a ɗora shi a bayan akori-kura a kama hanyar asibiti, ba tare da an tsayar da jinin da ke zuba ba, ba kuma wanda ya kula da wuyansa da wataƙila ya karye. Da yawa daga cikin waɗanda kan rasu ta wannan hali ba sa isa gaban likita da rai, domin abin da ya yanke hukunci a kansu, bayan ƙaddarar Allah, ya auku ne a cikin wannan tazara da ke tsakanin titi da ƙofar asibiti.

Cike wannan tazara sana'a ce mai zaman kanta, kuma ƙasashen da suka kafa ta sai da suka ɗanɗana ɗaci tukuna. A Amurka, wani rahoto da majalisar masana kimiyya ta fitar a 1966 shi ya tona cewa masu motocin ɗaukar gawa ne ke kwasar majinyata a garuruwa da yawa, alhali kuwa ba su da wani horo. A Ghana ma, sai da mutum 126 suka halaka a filin ƙwallon Accra ranar 9 ga Mayu, 2001, kafin a kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004.

Mu a Nijeriya, idan maganar doka ake yi, ba za a ce hannunmu wofi ne ba. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda ake kiran ma'aikatanta a lamba 122, ga kuma lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, watau 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashenta na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai, ko da wane dalili, ta kuma yanka tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar nan ce ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin aikin gaggawa, kuma a kan wannan ne aka gina shirin NEMSAS da aka ƙaddamar a 2022, wanda manufarsa ita ce a ɗauki majinyaci a yi masa magani na sa'o'i 48 na farko ba tare da an tsaya cinikin kuɗi ba. Sai dokar 2017 game da waɗanda aka harba da bindiga, wadda ta wajabta a karɓe su ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba, ba sai an ajiye kuɗin kafin alƙalami ba, amma asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin sa'a biyu. Ta kuma hana a tsananta wa wanda ya kawo majinyacin da tambayoyi na tozartawa. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta cancanci a yi shelarta a kowace tasha da kowane masallacin Juma'a, gama tsoron a mai da mai taimako abin tuhuma shi ne ya sa mutane da yawa suke kau da kai su wuce.

To, amma doka ba ta danna ƙirji, ba ta kuma ɗaure jijiya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar horon ma'aikacin ceto tamkar karatun da ake saukewa sau ɗaya a yi walima, alhali ilmi ne wanda masanansa suke sake tace shi a kai a kai, har abin da aka koyar jiya da sunan wajibi ya wayi gari makaruhi. Shekaru da dama ana koya wa mai ceto cewa idan ya tarar da wanda zuciyarsa ta tsaya, ya fara buɗe masa hanyar numfashi, ya hura masa iska, sa'an nan ya danna ƙirji. A 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta juya jerin, ta ce a fara da danna ƙirji, saboda jinin da ke jikin mutum yana da sauran iskar da za ta ciyar da ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, muddin an sami mai tura shi. Ƙa'idar yanzu ga baligi ita ce danna 30 sai hura 2, a saurin danna 100 zuwa 120 a minti guda, da zurfin santimita 5 zuwa 6. Haka nan ɗaurin tsayar da jini a hannu ko ƙafa, wanda a dā ake tsoratar da ɗalibai da shi cewa yakan jawo yanke gaɓa, yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan sun nuna cewa idan an yi shi daidai kuma da wuri yana tsirar da rai, har ya koma cikin jakar kowane ma'aikaci. Akwai kuma allurar tranexamic acid, mai araha, wadda wani babban bincike na 2010 ya tabbatar tana rage mutuwar masu rauni da ke zubar da jini, daga baya aka gano fa'idarta tana cikin sa'o'i uku na farko. Wani binciken na 2017, wanda asibitocin Nijeriya suka shiga cikinsa da yawa, ya nuna irin wannan amfani ga mata masu zubar jini bayan haihuwa. Ma'aikacin da ya kammala kwas ɗinsa kafin waɗannan shekaru, bai kuma sake zama gaban malami ba, yana nan yana aiki da hukuncin da aka riga aka shafe, da zuciya ɗaya, ba da saninsa ba.

Ko da ma ilmin bai sauya ba, hannu yana mantuwa. An jarraba an gani cewa ƙwarewar danna ƙirji takan fara dusashewa cikin 'yan watanni idan ba a maimaita ta, shi ya sa takardar shaidar wannan horo a ƙasashe da yawa ba ta wuce shekara biyu sai an sabunta. Lalle ne hukumominmu su ɗaure lasisin ma'aikacin motar asibiti da irin wannan sharaɗi, su kuma ɗauki nauyin kuɗinsa, domin zalunci ne a wajabta wa mai ƙaramin albashi abin da ba ya iya biya. Kuma ya kamata mu daina kiran mota da sunan ambulan alhali ba komai cikinta sai direba da katifa.

Malamanmu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma ceton wanda ke bakin halaka farilla ce ta kifaya, wadda in babu mai tsayuwa da ita laifin yana hawa kan al'umma duka. Tun da motocin gwamnati ba za su isa kowane ƙauye nan kusa ba, tilas a kai ilmin wurin waɗanda suka riga kowa isa. Mun ma ga alamar haka a jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, inda aka horar da 'yan ƙungiyar direbobin haya ta NURTW su riƙa kai mata masu naƙuda mai tsanani asibiti komai dare. Irin wannan direba, da ɗan acaba, da ɗan agajin masallaci, ana iya koya musu cikin yini ɗaya yadda ake danne rauni da tsumma mai tsabta, da kwantar da wanda ya suma ta gefensa, da barin ɗura masa ruwa, da ɗaga mai rauni a mutum huɗu ba tare da an lanƙwasa bayansa ba. A haɗa da gargaɗin nisantar tankar mai da ta kife, wanda bala'in garin Majiya a Jigawa, cikin Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasa rayukansu, ya sa ya zama darasi na farko da ya wajaba a fara da shi a kowace tasha.