Maiƙo, Yumɓu da Walƙiya: Inda Masana Suka Kai Kan Asalin Ƙwayar Rai

A shekarar 1952, wani ɗalibi a Jami'ar Chicago ta Amurka, Stanley Miller, ya haɗa tulunan gilashi biyu da bututu. Ya zuba ruwa a ɗaya ya bar shi yana tafasa, ɗayan kuma ya ɗura masa iskar mithen da amoniya da haidirojin, yana sakar masa tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Shi da malaminsa Harold Urey so suke su kwaikwayi yanayin duniya tun babu mai rai a cikinta. Kafin mako ya zagayo, ruwan ya rine ya yi ja mai duhu. Da aka bincika, sai ga amino asid a ciki, wato sinadaran da jikin kowane mai rai ke gina furotin da su.

Daga baya masana sun karkata ga cewa iskar wancan zamani ba daidai take da wadda Miller ya haɗa ba, amma darasin bai rushe ba. Hasali ma, bayan rasuwarsa a 2007, tsohon ɗalibinsa Jeffrey Bada ya sake auna ragowar kwalaben da ya bari da na'urorin zamani, ya tarar da amino asid fiye da iri 20. Sararin samaniya ma ya ba da tasa shaidar. Dutsen da ya faɗo kusa da garin Murchison na Ostareliya ranar 28 ga Satumba, 1969, yana ɗauke da irin waɗannan sinadarai. Ƙurar da kumbon hukumar NASA ya kwaso daga dutsen Bennu da ke sararin samaniya ya sauko da ita a 2023 kuwa, an sami 14 daga cikin amino asid 20 da rai ke amfani da su a cikinta.

Ke nan kayan haɗi ba su da wuyar samu. Wuyar ita ce yadda suka taru suka zama abin da ke ci, ya girma, ya haihu. Duniya ta kai shekara biliyan 4.5, kuma duwatsun Pilbara a yammacin Ostareliya suna ɗauke da alamun ƙananan halittu na kusan shekara biliyan 3.5. Abin da ya auku a tsakani ake nema.

Kowace ƙwayar halitta tana buƙatar tantanin da zai raba cikinta da waje, kuma abin mamaki, wannan ne ya fi sauƙi. Akwai asid mai maiƙo, dangin abin da ke cikin sabulu, wanda kansa ke son ruwa, jelarsa kuma ke gudunsa. Idan ya yi yawa a ruwa, sai ya jeru da kansa ya naɗe ya zama 'yar jaka. A 1985 David Deamer ya tatso sinadarai daga dutsen Murchison, ya ga sun yi irin wannan jakar a ruwa. A ɗakin binciken Jack Szostak, wanda ya sami kyautar Nobel a 2009 kan wani aikin daban, an nuna a 2003 cewa wani nau'in yumɓu yana hanzarta haɗuwar jakunkunan, har su rufe da ɓurɓushin yumɓun a cikinsu. Idan aka ƙara musu maiƙo, jakar da take zagayayya sai ta miƙe ta zama dogon zare, ɗan motsin ruwa kaɗan ya tsinka ta zuwa 'ya'ya da yawa, kowace da rabonta na abin da ke cikin uwar. Girma da rabuwa ke nan, ba furotin, ba DNA.

To, amma jaka ba ta gado. Sai an sami saƙon da za a kwafa a ba 'ya'ya. A nan ido ya koma kan RNA, ɗan'uwan DNA, tun da Thomas Cech da Sidney Altman suka gano cewa ban da riƙe saƙo, yana kuma iya aikin haɗa sinadarai, abin da ya ba su Nobel a 1989. A 2009 John Sutherland da abokan aikinsa a Manchester ta Ingila suka samar da biyu daga cikin haruffan RNA huɗu daga sinadarai masu sauƙi. Sai kuma ga cikas: kwafar RNA tana buƙatar magniziyam, shi kuma magniziyam yana fasa jakar. A 2013 Kate Adamala da Szostak suka gano cewa sitiret, sinadarin da ke cikin lemon tsami, yana riƙe magniziyam ɗin ya hana shi ɓarna. Dabarar ta yi aiki a gilashi, sai dai samun sitiret mai yawa a duniyar farko abu ne da masanan kansu ke shakka.

Wasu kuma ta sama suka biyo, wato daga mai rai suka faro. A 2010 cibiyar Craig Venter ta haɗa DNA na wata bakteriya mai haruffa sama da miliyan 1 a ɗakin bincike, ta dasa shi cikin ƙwayar wata bakteriyar, ta rayu ta hayayyafa. Jaridu suka yi ta kururuwar an ƙirƙiri rai, alhali an zuzuta ne, domin gangar ƙwayar da duk kayan aikinta aro aka yi daga mai rai. Daga nan suka shiga rage ƙwayoyin gadonta ɗaya bayan ɗaya, kamar bakaniken da ke kwance sassan babur don ya ga wanne ne in babu shi ba zai tashi ba. A 2016 suka tsaya a 473.

Har yau babu wanda ya haɗa jakar da ke kwafar saƙonta, ta rabu, 'ya'yanta su ci gaba da yin haka da kansu. Ita kanta bakteriyar Venter, lokacin da aka sanar da ita, 149 daga cikin ƙwayoyin gadonta 473 ba a san aikinsu ba, ga shi kuwa da yawansu in aka cire sai ta mutu.